BABI NA HUƊU: SUNAYEN MAGABATA DA TAKARDUNSU A DARASIN TARIHI NA MAKARANTUN FIRAMARE A ƘASAR KAZAURE DA BABURA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayani a kan littattafan Hausa da aka wallafa domin karantar da yara tarihi, tun daga zamanin Hukumar Fassara ta Zariya har zuwa kamfanin NNPC. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan abin da yaro yake kwasowa daga darasin tarihi dangane da mutanen da suka kafa ƙasarsa, da kuma takardun da suka rubuta suka ɗora mulkinsu a kai. An taƙaita nazarin a kan ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda suke cikin masarautar Kazaure, sai kuma Babura wadda take cikin masarautar Ringim. Dalilin haɗawa da Babura zai fito a sashe na 4.3.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ana ba yaro sunayen magabata da shekarun da suka yi a kan mulki, ana kuma ɗora masa kirarinsu, amma ba a nuna masa abin da su magabatan suka rubuta da hannunsu game da yadda ya kamata a riƙe jama'a. Sakamakon haka yaro yakan tashi ya iya yabon shugaba, alhali bai san da me zai auna shi ba.

4.1 Salon Jerin Sarakuna

Idan muka duba Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, za mu ga cewa tsarinsa ɗaya ne tun daga Bagauda har zuwa ƙarshe. Za a ambaci sunan sarki da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, a kawo jarumawansa da garuruwan da ya ci da yaƙi, sannan a rufe da adadin shekarun da ya yi yana sarauta. Wannan salo yana da amfaninsa, domin kuwa ba don shi ba da tarihin ƙasar Hausa da yawa ya salwanta. Sai dai tarihi ne na fada, an tsara shi domin a tabbatar da wane ne ya gaji wane. Talaka ba ya fitowa a cikinsa sai idan an ci garinsu.

Marubutan da suka biyo baya ba su yi nisa da wannan turba ba. Littafin Alhaji Abubakar Dokaji, Kano Ta Dabo Ci Gari, wanda ya fito a 1958, sunansa kaɗai ya isa ya nuna inda marubucin ya tsaya yana kallo, wato ƙofar fadar Kano. Ba aibi ba ne mutum ya rubuta tarihin garinsu daga inda yake zaune. Inda gizo yake saƙar shi ne, wannan salo ya fita daga littafi ya shiga aji, ya zama shi ne kaɗai hanyar da malami ya sani ta koyar da tarihi.

Mai wannan nazari ya zauna a wani aji biyar na wata makarantar firamare a ƙasar Roni a lokacin da ake darasi a kan jihadi. Malamin ya rubuta a allo cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello ya gaje shi. Yara suka yi ta maimaitawa da babbar murya kamar masu biya karatun allo, har sai da ya zauna musu. Daga nan aka sauko kan sarakunan Kazaure, daga Ɗantunku zuwa Dambo zuwa Zangi zuwa Mayaƙi, har aka iso kan sarki Najib Hussaini Adamu wanda ya hau gadon sarauta a 1998. Babu yaron da ya yi kuskure. Da aka ba mai nazari dama ya tambayi yaran me ya sa Shehu ya bar gidansa ya yi hijira, sai aka yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, don ya yi yaƙi. Ba za a ga laifinta ba, domin abin da aka jera mata a allo ke nan: hijira, yaƙi, nasara, rasuwa.

A nan ya kamata a lura da cewa hadda ita kanta ba ita ce matsalar ba. Bahaushe ya daɗe yana karatu da hadda, kuma a makarantar allo bayan hadda akwai karatun littattafai a zaure, inda malami yake fassara yana warware ma'ana. Darasin tarihi na boko ya ari haddar ya bar zauren.

4.2 Takardun da Aka Bari a Baya

Shugabannin jihadi marubuta ne kafin su zama mayaƙa, kuma sun bar takardu da dama waɗanda za a iya kira tushen daular da suka kafa. Akwai Wasiƙatu Ahlis Sudan wadda Shehu ya aika wa jama'a a farkon jihadi. Akwai Bayanu Wujubil Hijra na 1806. Akwai Liya'ul Hukkami wanda Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta a Kano wajen 1807. Akwai Usulus Siyasa wanda Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Sannan akwai Kitabul Farƙi na Shehu, wanda shi ne ya fi dacewa da maganar da ake yi a nan.

A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya bambance tsakanin mulkin da ya tarar da wanda yake kira zuwa gare shi. Abin sha'awa shi ne, ko da yake da Larabci ya rubuta littafin, da ya zo lissafa abubuwan da yake suka sai ya kira su da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa. Ya soki karɓar dukiyar mutane ba bisa shari'a ba, da tilasta wa talakawa fita yaƙi, da karɓar toshiya a wurin shari'a, da gadon mulki ta hanyar ƙarfi ba tare da shawara ba. Haka kuma ya kawo ginshiƙai biyar da mulki yake tsayuwa a kansu: kada a ba da mulki ga wanda ya nema, a riƙa shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin fahimtar ɗan aji biyar. Yaron da yake bin mahaifinsa kasuwar Kazaure ko ta Babura, yana ganin yadda ake karɓar kuɗin rasit daga hannun mai tallan gyaɗa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan karɓar dukiya da haƙƙi da karɓarta ba da haƙƙi ba.

Shi kuwa Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya ɗora wa sarki nauyin kula da masu sana'a kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, da gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Wannan ke nan ma'auni a hannun talaka. Duk wanda ya san cewa Sarkin Musulmi da kansa ya rubuta haka, ya sami bakin tambayar hakiminsa ko shugaban ƙaramar hukumarsa ina hanya, ina rijiya.

Labarin Liya'ul Hukkami ma kansa darasi ne da ba a cika gaya wa yara ba. Malam Abdullahi ya bar rundunar jihadi ne saboda ɓacin rai, ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano suka tsayar da shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su gudanar da mulki. Wato tun ba a gama yaƙi ba, ƙanen Shehu ya fara sukar abokan tafiyarsa. Jerin sunayen da ake rubutawa a allo ba shi da gurbin da za a saka wannan labari.

To, me ya sa aka bar waɗannan takardu a baya? Amsar da ta fi sauƙi ita ce da Larabci suke. Amma wannan amsa ba ta gamsar ba, domin Tarihin Kano ma da Larabci yake, aka kuma fassara shi tun shekarun 1930. A ganin mai wannan nazari, dalilin yana cikin irin mulkin da ake yi a lokacin da aka tsara littattafan makaranta na farko. Turawa sun yi mulki ne ta hannun sarakuna, kuma kuɗin da ake tafiyar da En'e daga haraji da jangali suke fitowa. Littafin da yake jera sarakuna yana ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Littafin da Mujaddadi ya ambaci jangali da sunansa a cikin ayyukan zalunci kuwa, babu jami'in ilimin da zai so ya ga ɗan makaranta riƙe da shi. Kitabul Farƙi bai fito a bugun zamani ba sai a 1960, lokacin da Hiskett ya buga shi da fassarar Ingilishi a wata mujallar masana a Landan, Wasiƙa kuma Bivar ya buga ta a 1961. Dukkansu an yi su ne domin manazarta, ba domin yaran Gwiwa ba. Shi kuwa jangali, mutanen wannan yanki sun ci gaba da sanin zafinsa har zuwa 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure take cikinta a lokacin. Har yanzu akwai dattawa a rugagen Roni da Gwiwa da za su iya ba jikokinsu labarin yadda ake ɓoye shanu idan masu ƙidaya sun taho. Ga littafi, ga shaidu da ransu, amma darasin bai haɗa su ba.

Ba kuma za a ce magabatan ba su damu da isar da wannan saƙo ga wanda bai iya Larabci ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da take gargaɗin masu mulki a kan zalunci. Ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Ke nan hanyar koyar da talaka haƙƙinsa da harshensa tsohuwa ce a ƙasar nan, ta girmi makarantar boko.

4.3 Matsalar Ɗantunku

Babu inda raunin salon jerin sarakuna ya fi fitowa fili kamar a tarihin kafuwar Kazaure ita kanta. Abin da yaro yake ji shi ne, Ibrahim Ɗantunku ya karɓo tuta daga Shehu, ya kafa masarautar Kazaure a 1819, ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Duk wannan haka yake, amma an tsallake tsakiyar labarin.

Kamar yadda Johnston ya bayyana a littafinsa na 1967 a kan daular Sakkwato, Ɗantunku ya yi suna ne a farkon jihadi saboda ya hana rundunonin sarakunan Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri ɗaya. Daga baya ya kafa ikonsa a arewacin ƙasar Kano. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa, har sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta, tana bin Sakkwato kai tsaye. Wato masarautar ta samu ne daga saɓani tsakanin shugabanni biyu na jihadi ɗaya, aka kuma kashe wutar da sulhu daga sama.

A nan ne Babura ta shigo. Babura ta kasance gunduma a ƙarƙashin masarautar Kano har zuwa 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kuma kafa masarautar Ringim. Saboda haka tarihin da ɗan Babura ya gada na ɓangaren Dabo ne, wanda a cikinsa duk wanda ya ƙi mubaya'a ɗan tawaye ne. Ɗan Kazaure kuwa ya gaji tarihin da Ɗantunku yake uban ƙasa. Yau yaran nan biyu suna jiha ɗaya, suna zana jarrabawa ɗaya, wataƙila ma su haɗu a ɗakin kwana ɗaya a makarantar sakandare. Malami da yake da jerin sunaye kawai a hannunsa ba shi da abin yi illa ya zaɓi ɓangare, ko kuwa ya yi shiru. Yawanci shirun ake yi.

Amma da a ce an riga an koya wa yaran ginshiƙan nan biyar na Kitabul Farƙi, da wannan saɓani ya zama darasi mafi armashi a zangon karatu. Za a iya tambayarsu: idan an naɗa shugaba ba a yi shawara da kai ba, ya halatta ka ƙi bin sa? Idan ka ƙi bi, wa zai sha wahalar yaƙin, kai ko manoman da ke tsakaninku? Me ya sa Bello ya zaɓi sulhu bai tura runduna ba? Ba a bukatar yaro ya yanke wa Dabo ko Ɗantunku hukunci, kuma mai wannan nazari, wanda shi ma ɗan wannan ƙasa ne, ba shi da niyyar rage wa kowannensu daraja. Abin da ake so shi ne yaro ya gane cewa magabata mutane ne da suka yi saɓani a kan mulki, kuma akwai ƙa'idar da dukkansu suka yarda da ita wadda za a koma gare ta.

4.4 Shugabannin 'Yancin Kai da Kundin Tsarin Mulki

Abin da aka faɗa game da shugabannin jihadi ya hau kan na 'yancin kai, don haka ba sai an tsawaita ba. Yaro ya san Sardauna a jikin naira 200, ya san Tafawa Ɓalewa a jikin naira 5, ya san an kashe su a watan Janairu 1966. Bai san cewa a watan Agusta 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a gyara mulkin En'e ba, a lokacin da faɗin haka a gaban sarakuna ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Bai san cewa a wannan wata ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ba, balle ya san abin da takardar manufofinta ta Sawaba ta ce game da talakawa. An mayar da mutanen hotuna, an ɗauke muhawarar da ta sa suka zama abin tunawa.

Haka zancen yake game da kundin tsarin mulki na 1999. Kowace safiya yara suna rera taken ƙasa, wanda aka sauya a watan Mayu 2024 aka koma na zamanin 'yancin kai, su kuma karanta alkawarin biyayya ga ƙasa, duk da Ingilishin da yawancinsu ba su kai ga fahimta ba. Dukkan abin da ke ciki nauyi ne a kan yaro. Sashe na 14 na kundin, wanda ya nuna cewa tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati, da sashe na 18 da ya yi magana a kan ilimi kyauta, su ne nauyin da ke kan hukuma, kuma su ne ba a karanta masa. Idan aka ajiye sashe na 14 kusa da abin da Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, ɗan aji shida zai ga kamar da ke tsakaninsu da kansa.

4.5 Hanzarin Malamai

Malaman da aka tattauna da su sun kawo hanzari iri biyu, kuma dukkansu abin dubawa ne. Na farko shi ne tsoro. Wani dattijon malami a ƙasar Gwiwa ya ce wa mai nazari, “Ɗana, takardun nan da kake magana akwai hukuncin yaƙi a ciki, akwai maganar wanda ya halatta a yaƙa da wanda za a kama. A wannan zamani da muke ciki, wa zai ɗauki wannan ya ba yaro?” Wannan magana gaskiya ce, musamman game da Wasiƙatu Ahlis Sudan, wadda takarda ce ta shelar yaƙi, aka rubuta ta domin wani hali na musamman. Bayan abin da Arewa ta gani daga 2009 zuwa yau, babu mai hankalin da zai ce a karanta wa 'yan firamare ita daga farko zuwa ƙarshe. Sai dai hanzarin bai shafi ginshiƙan mulki na Kitabul Farƙi ba, bai kuma shafi Usulus Siyasa ba. Ga manyan ɗalibai kuwa, ɓoyewar ta fi haɗari, domin wanda bai ji zancen daga malaminsa ba zai ji shi daga bakin wanda zai yanko masa abin da yake so kawai. Muhammadu Bello da kansa bai ɓoye suka ba. A cikin Infaƙul Maisuri na 1812 ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi na Barno, waɗanda suke tuhumar halaccin yaƙar Musulmi, sannan ya ba da amsarsa. Mai karatu yana ganin hujjojin ɓangarorin biyu.

Hanzari na biyu ya fi na farko nauyi, wato su malaman ba a koya musu ba. A shekarar 2007 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa guntayensa cikin darasin zamantakewa, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi. Yaran da suka yi makaranta a wannan tsakani, wasunsu su ne yau suke riƙe da alli. Wata matashiyar malama a Babura ta faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ba ta taɓa jin sunan Kitabul Farƙi ba sai a ranar da aka yi hira da ita, kuma jerin sarakunan da take koyarwa daga tsohon littafin rubutun yayanta ta kwafo shi. Da aka karanta mata ginshiƙan nan biyar da Hausa, sai ta nemi a bar mata takardar, ta ce za ta gwada su a aji shida ranar Litinin, amma za ta fara nuna wa hedimasta tukuna.